Waiwaye: Zamanin da Ake Kai Ƙarar Akuya Gaban Ubangiji

Duk wanda ya tashi a gidan masu bi a garuruwan da layin dogo ya ratsa, su Kafanchan da Zonkwa da Bukuru, ko ƙauyukan da ke bayansu, ba sai an tuna masa da ƙarfen asuba ba. Yawancin majami'unmu na wancan zamani ba su da ƙararrawa. Guntun ƙarfen dogo ne ko tsohon wilin mota ake ratayewa a reshen mangwaro, mai bishara ya fito cikin sanyi lulluɓe da bargo ya buga shi, sautin ya ratsa unguwa tun zakara bai gama cara ba. Sai ka ji ƙofofin langa-langa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin mata ne kan gaba. Maza su jingine fartanya a jikin bangon majami'a, domin daga nan gona za a wuce. Mu yara kuwa jan mu ake yi muna gyangyaɗi, ba don ranmu ya so ba.

Ba a daɗewa. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, 'yan ayoyi a hasken fitilar ƙwai, sai mai bishara ya ce, "Ko akwai mai roƙon addu'a?" To, a nan abin da ya sa na ɗauko wannan waiwaye yake. Akwai wata tsohuwa a ikilisiyarmu, kowa Kaka yake ce mata, wadda in ta durƙusa sai ka rantse da wani a gabanta take hira. Ba ta iya manyan kalmomi ba. Cewa take yi, "Ya Uba, ka dai gani, akuyar nan ta sake shiga mini gona, ta cinye waken da na sha wahala a kansa. Na yi magana har na gaji. Zuciyata tafasa take yi. Ka riƙe mini bakina kafin in gamu da mai ita a hanya." Mu kuwa sai mu riƙa mintsinin juna muna danne dariya. A tunaninmu na yara, Mai Iko Duka da ya yi sama da ƙasa, ina ruwansa da akuya da wake? Sau da yawa ma mai akuyar yana nan a bencin baya, kansa a sunkuye, kuma da shi ake cewa amin.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Sai da muka girma, muka yi namu gidajen, muka ga yadda ɗan ƙaramin abu ke lalata wa mutum yini ɗungum, sannan muka gane Kaka ta fi mu hankali nesa ba kusa ba. Ba ta taɓa roƙon akuyar ta mutu ba, ba ta taɓa roƙon wata masifa ta sauka gidan mai ita ba. Bakinta take tsoro. Ta san wake yana sake toho, magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ta fita ke nan.

Yanzu ku saurari roƙe-roƙen addu'a a majami'unmu na birni. Biza ce, kwangila ce, ƙarin girma ne a wurin aiki, fili ne, mota ce, sai kuma maƙiya, maƙiya, maƙiya. Ban ce laifi ne mutum ya roƙi babban abu a wurin Allah ba, taskarsa ba ta ƙarewa. Amma na daɗe ban ji wani magidanci ya miƙe ya ce a taya shi da addu'a domin yana saurin hasala da 'ya'yansa ba. Alhali ba manyan nan ne ke cin mu kullum ba. An ɗauke wuta daidai lokacin da mai markaɗe ya kunna injinsa. Ka tura kuɗi ta waya, an cire a asusunka, mai shago bai gani ba, yana tsaye yana yi maka kallon ɓarawo. Mai adaidaita ya ce ba shi da canji bayan ka riga ka sauka. Famfo ya ƙi kawo ruwa, albashi ya wuce ranar da aka saba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai a kira fasto, balle a ɗauki azumi. Saboda haka sai mu haɗiye, mu taho da shi gida, mu juye a kan wanda bai ji ba bai gani ba, matar gida ko yaron da ya zubar da shayi.

Ina iyayenmu suka samo wannan halin na kai ƙaramin takaici gaban Allah ba tare da jin kunya ba? A ganina, rabin amsar tana cikin littafin da suke riƙe da shi. A shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller, wanda ya daɗe a Zariya, ya yi tare da abokan aikinsa. Littafin ya zama na kowa da kowa: Birom da Angas a Filato, Bajju da Atyap a kudancin Zazzau, Tangale a ƙasar Gombe, Maguzawan Kano da Katsina, har da masu bi na Maraɗi da Tsibiri a Nijar. Da yawa daga cikin kakanninmu a ajin neman baftisma suka fara sanin baƙi, suna bin layi da yatsa, harafi bayan harafi. Wanda ke karatu a hankali haka ba ya tsallake komai. Sun tarar da Zabura guda 150, kuma kaso mai yawa a cikinsu kuka ne da ƙorafi, bawan Allah yana faɗa wa Ubangijinsa cewa ya gaji, an dame shi, taimako ya yi jinkiri. Sun tarar da Marta tana kai ƙarar 'yar'uwarta wurin Yesu saboda an bar ta da aikin girki ita kaɗai. Sai suka ɗauka, kuma daidai suka ɗauka, cewa in har an bar irin waɗannan maganganu a cikin Littafi, to su ma an ba su izinin faɗin nasu.

Labarin da matan ikilisiya suka fi riƙewa shi ne na Hannatu, kuma ba sai an yi musu dogon bayani ba, domin da yawansu a gidan kishiyoyi aka haife su. Hannatu tana da kishiya, Feninna, mai 'ya'ya, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Kowace shekara in aka tafi sujada a Shilo, sai kishiyar ta bi ta da gori da habaici har ta kasa cin abinci. Mijinsu Elkana yana sonta ƙwarai, amma lallashi irin na maza ya yi mata, wanda ba ya kaiwa inda ciwon yake. Hannatu ba ta rama ba, ba ta haɗa kayanta ta yi yaji ba. Ta je ta zube a gaban Ubangiji, leɓɓanta na motsi, murya ba ta fita, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu ne, ya tsawata mata. Da ta bayyana masa damuwarta ya sa mata albarka, ta tashi ta tafi, ta ci abinci, fuskarta ta washe. Tsofaffin matan nan a kan wannan gaɓar suke tsayawa. Sukan ce, ku duba fa, a ranar nan ba ta da ciki, Feninna kuma tana nan da bakinta, ɗanta Sama'ila sai daga baya ya zo. Me ya sa ta iya cin abinci? Ta sauke kayan a inda ya dace, shi ke nan. Mu kuwa in mun ba da labarin yau, tsalle muke yi zuwa haihuwar yaron, domin ƙarshen da ya yi daɗi shi muke so, mu manta da tuwon da ta ci tun buƙatarta ba ta biya ba.

Wanda bai ga Zumuntar Mata ta wancan lokaci tana shari'a ba, bai ga komai ba. Mun san su da zane iri ɗaya, da tulun da ake bugawa, da kacau-kacau, da waƙar da ke sa majami'a ta ɗauka. Amma babban aikinsu a bayan fage yake. A ce mata biyu sun yi faɗa a bakin famfo, wata ta ture bokitin wata daga layi, aka yi cacar baki har aka tono abin da ya wuce shekara da shekaru. Kafin ranar taro labari ya riga ya isa kunnen Uwar Zumunta. Bayan an tashi sai ta ce su biyun su dakata. Ba za ta fara da tambayar wa ke da gaskiya ba. Cewa za ta yi, "'Ya'yana, ku durƙusa. Ke, yi wa 'yar'uwarki addu'a, da ƙarfi yadda zan ji. In kin gama ita ma ta yi miki."

Sai a yi shiru. Can ta farkon ta buɗe baki da ƙyar, murya a daƙile: "Ya Ubangiji, ka albarkaci wannan matar." Uwar Zumunta ta katse ta: "Ba ta da suna ne? Kira sunanta. Ki kira na 'ya'yanta ma, ɗaya bayan ɗaya." To, a nan ake yin ta. Domin a cikin 'ya'yan nan akwai wanda ita ce ta riƙe fitila ranar da aka haife shi, akwai wadda kullum a ɗakinta take cin ɗumame. Kafin ta kai kan auta murya ta fara rawa. Ita ma ɗayar ta karɓa, ta yi nata. In aka miƙe aka koma kan maganar bokiti, sai ka ga ba ta ɗauki wani lokaci ba, wadda ta yi laifi ta amsa, a kama hannu. Ba kullum abin ke tafiya sumul haka ba. Akwai masu taurin kai da sai an sake zama, akwai kuma waɗanda sai an kai su gaban dattawan ikilisiya. Amma dabarar tana da tushe. Yesu ya koya wa almajiransa su yi wa masu cutar da su addu'a, kuma addu'ar da ya koya musu ta haɗa roƙon abincin yini da yafe wa juna a wuri ɗaya. Mu mun ajiye wannan koyarwa don manyan magabta, waɗanda wataƙila har mu mutu ba za mu haɗu da su ido da ido ba. Iyayenmu mata a kan maƙwabciya suke gwada ta, domin zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma yana da wuya ƙwarai ka zagi wanda yanzun nan ka gama roƙa wa 'ya'yansa albarka.

Yau faɗan ya koma cikin waya. Zumunta tana da zaure a WhatsApp, wata ta saki saƙon murya cikin fushi da tsakar dare, kafin gari ya waye mutum hamsin sun ji, ɗayar ta fice daga zauren, wata Lahadin ka ji ta koma wata majami'a. Babu wanda ya durƙusa, babu sunan da aka kira. Abin da ya fi damuna ma shi ne wani salon addu'a da ya shigo mana, wanda ake kwana ana kiran wuta a kan maƙiyan da ba a san ko su wane ne ba. Mutum ya shiga da ɗan takaicinsa na kasuwa da ba ta tafiya, ya fito da safe yana zargin gwaggonsa ta ƙauye. Ni dai a fahimtata, addu'ar da za ka tashi daga kanta zuciyarka ta fi zafi, kana kuma kallon danginka da wani ido, akwai gyara a cikinta, ko da an kwana ana ambaton sunan Yesu.

Mazan kuwa tasu addu'ar gajeruwa ce, wani lokaci ma ba ka sanin an yi ta. Akwai wani tela a unguwarmu, dattijon ikilisiya ne, mai keken ɗinki na ƙafa. Duk wanda ya san shagon tela a makon Kirsimeti ya san wurin da ake gwada imani. Atamfa a jibge, zare yana tsinkewa, allura ta karye, yaron shago ya yanke hannun riga ba daidai ba, ga wata mata a bakin ƙofa riƙe da ƙugu tana tuna masa tun watan jiya ta kawo ɗinkinta. Za ka ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya ɗauke ƙafarsa daga kan keke, ya dafa teburin da hannu biyu, ya rufe ido na ɗan lokaci, leɓɓansa su motsa. Ya buɗe ido ya ce, "To, Mama, zauna mu ga yadda za a yi." Wata rana samarin majami'a suka tambaye shi, "Baba, me kake cewa in ka rufe idon nan?" Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, ba na roƙon haƙurin shekara. Na yanzu-yanzu nake roƙo, wanda zai kai ni in amsa wa matar nan ba tare da na ɓata sunan Ubangijina ba. In wata ta zo, in sake roƙa."

Shi ne ya fara nuna mana Nehemiya, mai shayar da sarkin Farisa. Sarki ya ga fuskarsa a ɓace, ya tambaye shi abin da yake so, kuma tsakanin tambayar sarki da amsarsa Nehemiya ya yi addu'a. Bai fita waje ba, bai nemi a ba shi kwana uku ba. Hausawa sun ce fushin fari ba naka ba ne, kuma kowa ya san haka a jikinsa: zuciya ta buga da sauri, numfashi ya gajarta, harshe ya riga hankali fita. Ɗan tsaikon nan na rufe ido shi ke ba hankali dama ya cim ma harshe, ya kuma tuna wa mutum cewa akwai na uku a wurin da ke jin abin da za a faɗa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da nasu. Mun tashi muna ganin dattijo in ransa ya ɓaci ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya zauna in a tsaye yake, ko ya ɗauki buta ya yi alwala. Dattawan ɓangarorin biyu sun yarda a kan abu ɗaya, cewa mai fushi ya fara magana da Allah kafin ya yi da mutum.

Kada wani yaro ya ce ai zamaninsu babu wahala. Mu da muka gani mun sani. A 1984 layi ake bi don sayen madara da sabulu da shinkafa, soja na tsaye da bulala. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta fara zubewa, albashin malamin makaranta ya daina kaiwa ƙarshen wata. A shekarun 1990 mutane sun kwana a layin mai, kananzir ya yi ɓatan dabo, har mata suka koma girki da murhun garin katako wanda aka laƙaba wa sunan shugaban ƙasa na lokacin. Daga baya masaƙun Kakuri a Kaduna suka yi ta rufewa, dubban magidanta suka dawo gida hannu rabbana. A cikin waɗannan shekaru ne nake tuna addu'ar dare a gidajenmu. An gama cin tuwo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kafin a buɗe Littafi sai maigida ya duba kowa ya ce, "Akwai wanda ke riƙe da wani a zuciya?" Yaya ya ce ƙanensa ya ɗauki takalminsa bai tambaya ba. Wata ta ce an bar mata wanke-wanke ita kaɗai. Wani daren ma uwar gida ce za ta yi gyaran murya, maigida ya sunkuyar da kai, mu yara mu yi tsit. Sai an warware sannan a rufe ido, domin sun riƙe gargaɗin da Manzo Bulus ya yi wa Afisawa game da barin fushi ya kwana. Mahaifiyarmu takan ce takaici toka ne: in ba a kwashe shi daga murhu kowace rana ba, wutar gobe ba ta kamawa da kyau.

Ga kuma ƙananan ƙungiyoyin addu'a na gida-gida da shirin Sabon Rai Don Kowa ya yaɗa tun daga shekarun 1960, mutum kaɗan a zaure ko ƙarƙashin rumfa, kowa ya san kowa. A irin wannan zama mutum yana iya cewa, "Ku taya ni da addu'a, ni da surukata ba ma ga-maciji a 'yan kwanakin nan," kuma maganar ta tsaya a nan. Yanzu majami'unmu sun girma, mun gode Allah, an yi gine-gine, an sa lasifika da janareta. Amma wa zai karɓi makirufo a gaban mutum dubu ya ce shi da surukarsa ne? A gida kuma, bayan cin abinci kowa ya ja wayarsa ya shige ɗaki. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina tambayar nan ta maigida. A hankali ta sulale, mu ma da muka gaje ta ba mu lura da ranar da muka daina yi ba.

Na san abin da matasanmu za su ce, domin sun sha faɗa mini: "Baba, ai wannan haƙurin naku ne ya kai ƙasar nan inda take. A hana ku ruwa ku yi addu'a, a riƙe muku albashi ku yi addu'a, an janye tallafin mai a 2023 kuka ce a yi addu'a." Maganarsu ba ta rasa gaskiya ba. Akwai masu cewa "a bar wa Allah" alhali tsoro ne ya hana su magana, akwai kuma shugabannin da ke jin daɗin talaka mai irin wannan haƙuri. Sai dai ba haka muka ga iyayenmu suna yi ba. Kaka in ta tashi daga durƙuso gidan mai akuyar take zuwa, ta yi sallama, ta faɗi maganarta ba zagi, in ya ƙi ji ta wuce wurin mai unguwa, kuma a ƙarshe akuya ta ga turke. Nehemiya ma da ya gama addu'arsa ai buɗe baki ya yi ya nemi izinin tafiya, da wasiƙu zuwa ga gwamnoni, da katakon gini. Wanda ya kwantar da zuciyarsa kafin ya shiga ofis ya fi iya neman haƙƙinsa, domin ya san abin da ya kawo shi, ba zai ɓige da zagin ɗan ƙaramin ma'aikacin da shi ma ba a biya shi ba.

Haka kuma waɗanda suka koya wa kakanninmu durƙuso su ne suka gina asibitoci a Vom da Wusasa, da na Galmi a Nijar wanda aka buɗe a 1950. Ba su ga saɓani tsakanin addu'a da allura ba. Idan fushin mutum ya kai ga hana shi barci, ko jininsa yana hawa, ko baƙin ciki ya danne shi wata da watanni, to ya yi addu'a ya kuma je ya ga likita. Idan kuwa ya kai ga ɗaga wa matarsa hannu, wannan ya wuce takaicin yau da kullum, magana ce ta dattawa da hukuma, kuma kada wani ya ce wa matar ta je ta ƙara haƙuri da addu'a a rufe zancen a nan.

Roƙona ga fastocinmu da dattawan ikilisiya ɗan kaɗan ne. A addu'ar tsakiyar mako, a riƙa kashe lasifika ko na ɗan lokaci, a raba jama'a huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a bar su su faɗi ƙananan abubuwan da ke cin su. Iyayen Zumunta kuma su dawo da durƙuson nan na mutum biyu, tun waɗanda suka iya shi suna raye. Ku iyaye, ku karɓe wayoyin yara bayan tuwon dare ku yi musu tambayar da aka yi mana, kuma ku shirya, domin watakila sunanku ne zai fara fitowa. Kai kuma ɗan'uwana mai karatu, wanda ya ɓata maka rai yau yana da suna. Ka kira sunan a addu'arka ta daren nan, gobe da safe ka je ka same shi ku yi magana.